Na Goge Fuskar 'Yata da Hannuna

Anti, don girman Allah ki taimake ni, kaina ya ƙulle. Wannan ita ce takarda ta huɗu da na fara rubuta miki. Ukun farko na yage su, domin duk ta inda na biyo da labarin sai in kama kaina ina ƙoƙarin wanke kaina. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kada dai ki sa sunana.

Shekarata goma sha bakwai ina aiki a shagon ɗaukar hoto. Ba ni ke ɗauka ba, ni ce ta ɗakin baya, mai gyara. Ɗan ɗaki ne marar taga, daga kujera sai kwamfuta sai injin wanke hoto, sai wata fanka da ba ta tashi sai an tura ta da biro. Duk hoton da aka ɗauka a gaba ta hannuna yake bi. Ni ke cire ƙuraje, in rage tumbi, in cike giɓi, in mayar wa mai sanƙo gashin da ya rabu da shi tun yana saurayi. Mai shagon yakan ce ba wanda zai zo wurinmu don ya ga fuskar da ya baro a madubin gidansa. Mutane su karɓi hotonsu suna washe baki, wai kyamararmu ba ta da na biyu, ni kuwa ina ciki ina jin su ina dariya. Hannuna ya saba har ba ya jiran umarnina. Da na ga tabo, kafin in yi tunani ya tafi.

'Ya'yana biyu, duk mata. Babbar shekararta goma sha huɗu. Tun tana rarrafe babanta ya laƙaba mata Balbela, wai duk inda na sa ƙafa tana biye da ni. Na ce masa ni ce saniyar ke nan, ya ce shi dai ba da bakinsa aka ji ba. An haife ta da tawadar Allah a fuska, baƙa, mai faɗi, daga gefen idon hagu ta gangaro kumatu. Likita ya ce ba ciwo ba ne, ba zai ƙaru ba, ba kuma zai tafi ba. Wallahi Anti ban taɓa aibata tabon nan da bakina ba. Duk wanda ya ƙura mata ido a hanya, nawa nake ƙura masa har sai ya sunkuyar da kai. Na taɓa sauka daga mota da ita a goye, ban kai rabin hanya ba, don kawai wata mata ta leƙa fuskarta ta ce wayyo.

Tana wata uku na kai ta shago aka ɗauke ta. Da hoton ya zo gabana ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Minti biyu na gama. Na kalli jaririyar da ke cikin kwamfutar, fuska sumul, na ce ai hoto ne kawai. Daga nan ban sake tsayawa ba. Hoton da ta fara tafiya, na ranar farko a makaranta da jakar da ta fi ta girma, na ranar da ta ci gasar karatu, har fasfon katin makaranta da na asibiti. In a waya aka ɗauka sai in ce a kawo in ƙara masa haske. Babanta direban babbar mota ne, ya yi sati uku a hanya, ya dawo ya ga sabon firem a bango, ya ce ma sha Allah, ya nemi ruwan wanka. Tana shekara shida ta taɓa nuna wani hoto ta tambaye ni ina abinta ya tafi. Na ce hasken kyamara ne ya shanye shi. Ta gyaɗa kai, ba ta ƙara tambaya ba, ni kuma na ɗauka magana ta ƙare.

Firem goma sha ɗaya ne a bangon falonmu, kuma babu ni a ko ɗaya. Tun haihuwar ta biyu jikina ya buɗe, fuskata ta yi duhu-duhu, ƙasan idona ya zurma. Na san irin aikin da ake yi wa fuska irin tawa a ɗakin baya, na kuma san tsawon lokacin da yake ci. Don haka kullum ni ce mai riƙe waya, ni ce mai cewa ku matso, ku yi dariya. In aka ce in shigo sai in ce ban yi wanka ba, ko tukunya na kan wuta. Na kauce daga maganar, yi haƙuri, amma ban san wanne ne ciwon wanne ne ba shi ba.

Wata biyu da suka wuce ƙanwar maigidana ta zo. Aure ya kai ta nesa tun kafin a haifi Balbela, ba ta taɓa ganin yaran ido da ido ba, a hoto kawai ta san su, kuma ni nake tura mata. Ta shigo da rana tsaka da akwatinta, ta rungume ƙaramar, ta juyo wajen Balbela hannu a buɗe, sai ta tsaya cak. Ta dafe ƙirji ta yi salati, wai yaushe yarinyar nan ta ƙone ba wanda ya gaya mata? Wai me ya same ta haka a fuska? Kafin in buɗe baki ta ciro waya tana nuna mana hoton da na tura mata watan jiya, wai ga shi nan, lafiyarta ƙalau. Balbela ta karɓi wayar ta duba, ta daɗe tana dubawa, ta mayar mata. Ta ce sannu da hanya Gwaggo, ta ɗauki akwatin ta kai ɗaki, ta kawo mata ruwa.

Da ma Balbela kuka ta yi. Kwana huɗu gwaggon ta yi tana ba ni haƙuri, yarinyar kuwa tana ta yi mata hidima. Ranar da baƙuwa ta tafi na dawo daga rakiya na sami Balbela tsaye a gaban bangon, hannu a baya. Ba ta juyo ba ta ce, "Mama, na daɗe da sanin ke kike gogewa. Na ɗauka don bango ya yi kyau ne. Ban san ita kike nuna wa mutane a matsayin 'yarki ba." Ta ce yarinyar cikin hotunan tana da kyau, ba laifi in ita nake so. Sannan ta roƙe ni abu ɗaya: in ba ta hotonta na gaske, ko guda, na lokacin tana ƙarama, tana so ta ga yadda take.

Anti, babu. A shagonmu in ka gama gyara a kan na asalin kake ajiyewa, mai shago ba ya son a cika masa kwamfuta da abin da ba wanda zai karɓa. Wannan ɗabi'ar na kawo gida. Ina gama gyara nake share na farkon daga waya, yadda ake zubar da ɓawon albasa. Kwana uku ina tone-tone, tsofaffin wayoyi biyu, kwamfutar shago, akwatin takardu. Shekara goma sha huɗu, babu hoto ɗaya na 'yar da na haifa.

Sai shaiɗan ya kawo min dabara. Na ce hannun da ya cire ai zai iya mayarwa. Sati guda ina hana kaina hutun rana, ina zana tabon a kan hotunan nan goma sha ɗaya, ina daidaita duhunsa da hasken fata, aikin da ban taɓa yi wa wani mai kuɗi irinsa ba. Na wanke su, na sa a ambulan, na ajiye mata a kan gado. Ta fito da su falo ta jera a kan tebur ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ba haka yake ba. Ni na zana shi dunƙulalle har haɓa. Ashe bai kai haɓa ba. Ashe ya rabu biyu ne daga ƙasa, reshe ɗaya ya yi wajen kunne, kuma a tsakiyarsa akwai wani ɗan fili kamar ƙwayar wake da bai yi baƙi ba. Ta ce, "Mama, ko siffarsa ba ki sani ba." Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta tattara su ta mayar a ambulan ta miƙo min da hannu biyu.

Ni da nake kallon baƙo sau ɗaya in gaya miki inda ƙurjinsa yake. A ranar na gane shekara goma sha huɗu idonta na dama nake kallo, da goshinta, da kitsonta. Ko wanke mata fuska nake tana ƙarama, hannuna ne ke wurin, idona na wani wajen. Ina hararar masu kallonta a titi, ashe su sun fi ni ganinta.

Yanzu ba ta yi min rashin kunya, ba ta ƙin aiki. Abin da take yi ya fi zagi ciwo. Ta canza kujera a wurin cin abinci, ta koma inda ɓangaren dama kawai zan riƙa gani. In muna tafiya ta san gefen da take bi. In na kira ta, a karkace take amsawa. Malamarsu ta kira ni ta ce yarinyar da ke rigan kowa ɗaga hannu ta koma kujerar ƙarshe jikin bango, kuma ranar hoton aji ta ce cikinta na ciwo. Shekaranjiya ina neman kwanon abincinta a jaka na ga wani man shafawa marar suna, na bilicin. Na leƙa ta ta madubin banɗaki tana alwala, fatar wurin ta saɓule ta yi ja. Ƙaramar kuma, mai shekara tara, ta zo ta raɗa min wai in an ɗauke su a makaranta in rage mata kunnuwa.

Babansu ya ce in bar ta, yaro mantuwa gare shi, laifin ƙanwarsa ne mai bakin tsiya. Ni na san ba ita ba ce. Garin neman gira na rasa ido, Anti. Har yanzu ina zuwa aiki ina goge fuskokin 'ya'yan mutane. In sauke hotunan ne? In bar aikin? In nemi likitan da zai cire mata tabon gaba ɗaya ta huta? Ko kuwa na riga na rasa ta, in haƙura? Tana ɗaki ɗaya da ni, amma ji nake kewarta za ta kashe ni.

Uwar Balbela

Amsar Anti

Ƙanwata, na karanta takardarki sau biyu, ta biyun sai da na cire tabarau. Sannu. Amma bari mu fara da abin da ba ya jira. Man nan ki ɗauke shi yau, kuma cikin satin nan ki kai Balbela wurin likitan fata. Ki gaya mata ƙarara tun a gida cewa saboda saɓulewar za ku je, ba saboda tabon ba, kuma a gaban likita kada maganar cire shi ta fito daga bakinki. In wata rana ta girma ita da kanta ta nema, fuskarta ce. In ke kika kawo shawarar yanzu, kin tabbatar mata da abin da take zargi ke nan.

Ba zan ce miki muguwa ba. Matar da ta sauka daga mota da goyo saboda an ce wa 'yarta wayyo ba ƙin 'yar take yi ba. Tsoro ne ya kama ki ranar da kika haife ta, kika ji tsoron abin da duniya za ta yi mata, kuma aka yi rashin sa'a maganin tsoron yana hannunki, minti biyu kacal. Iyaye da yawa da sun iya abin da kika iya, da sun yi. Amma ita ma tana da gaskiya, gaskiyarta kuma ta fi taki nauyi. Yaro ba ya ganin niyya. Bango yake gani. Kullum safiya ta fito ta wuce wata yarinya da aka rataya a inda ya kamata a rataye ta, tun tana shekara shida ta gane, ta yi shiru don kada ta ɓata miki. Shekara takwas tana rufa miki asiri a cikin gidanki.

Ku ƙyale gwaggonta. Abin da aka nuna mata ta gaskata. Maigidanki kuwa ki karanta masa wannan: firem goma sha ɗaya ya wuce yana ma sha Allah, shi ma da nasa kason. Laifi tudu ne. Kuma yarinyar da ta kai ga saɓule fatarta ba mantawa take shirin yi ba.

Ki ba ta haƙuri, amma ki iya bakinki. Kada ki ce don in kare ki na yi, ko da gaskiya ne, domin abin da za ta ji shi ne fuskarta abin kariya ce. Ki ce na yi kuskure, na goge abin da ba nawa ba, na yi miki ƙarya kina shekara shida, kuma na kasa kallonki saboda tsorona, ba saboda ke ba. Sai ki yi shiru. Kada ki yi kukan da zai sa ta koma lallashinki, ta yi wannan aikin ya isa. Hotunan da kika zana ki yage su. Na bango kuma nata ne, ki tambaye ta. In ta ce a sauke, a sauke, bango ya zauna fayau har sai ta ga dama.

Kin ce babu hotonta na gaske. A gidanki ne babu. Ba ke kaɗai ke da waya a duniya ba. Ranar gasar karatu wasu iyayen sun ɗauka. Malamai suna da hotunan aji, maƙwabta suna da na taron 'ya'yansu, ƙawayenta suna da nasu. Ki sa takalmi ki bi su gida-gida da ƙafarki, ki ce kina neman duk hoton da 'yarki ta fito a ciki, ko a bayan wani take, ko rabin kanta ne. Za a tambaye ki dalili, ke mai aikin hoto guda. Ki faɗa. Za ki ji kunya, ki shanye ta, kuma gara labarin ya koma kunnen Balbela cewa uwarta na yawo tana neman ta. Na jarirantaka wataƙila sun tafi har abada, ba zan yi miki ƙarya ba. Abin da kika samo, ko dishi-dishi ne, ki kai wani shagon da ba naku ba a wanke, kada ya bi ta kwamfutarki.

Kin ce kin kauce daga magana da kika ambaci rashinki a bango. Ba ki kauce ba. Kafin ki goge kumatun 'yarki, kanki kika goge ɗungurungum. Yaran nan sun tashi a gidan da in fuska ba ta cika ba ana gyara ta, in ta fi ƙarfin gyara a ɓoye ta. Daga ina kike zaton ƙaramar ta samo maganar kunnuwa? Ki miƙa mata waya ta ɗauke ki yadda kike, da tumbin da duhun idon da zanen girki, ki wanke ki rataya, ki jure ganinsa. Ba za ki iya cewa Balbela ta tsaya a gaban kyamara ba alhali ke kina bayan tukunya. Aikinki kuwa ki riƙe shi, da shi kuke ci. Babba ya zo ya ce a rage masa tumbi, shi ya so. Amma ƙofar shago ita ce iyakarsa.

Kin tambaya ko kin rasa ta. Ban sani ba, ƙanwata. Wata irin ɓaraka ana ɗinke ta amma ɗinkin yana nan, kuma zai yiwu ta kai shekarunki tana tuna ambulan ɗin nan. Abin da na sani shi ne, yarinyar da ta yanke ƙauna ba ta tsayawa ta nuna wa uwarta inda ta yi kuskuren zane. Ta gaya miki reshen, ta gaya miki ɗan filin da ke tsakiya. Kwatance ta yi miki.

Don haka kada ki riƙa leƙenta ta madubi, kada kuma ki kamo haɓarta ki juyo da ita. Ki roƙe ta, da baki, ta bar ki ki kalle ta. Za ta ƙi. Ki bari a kwana biyu ki sake roƙo. Ranar da ta juyo, ko bana ko baɗi, kada ki ce tana da kyau, kada ki ce komai. Ki duba kawai, har sai kin haddace, kuma kada ki riga ta sauke ido.

Allah ya sanyaya zuciyarku ku biyun, ya warkar mata da fatarta, ya ba ki tsawon ran da za ki ga 'yarki.

Anti